Yadda za ka buga Hausa da ƙugiyoyinta a kwamfuta, ka tura ta WhatsApp ta isa lafiya

Ranar wata Alhamis cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke sa fanka ta riƙa huro iska kamar daga bakin tanda, wani ɗalibi ya shigo shagon da nake buga takardu a Runjin Sambo, gumi ya jiƙa masa bayan riga. Kundinsa na kammala digiri ya kawo a filash, shafi tamanin da 'yan kai, da Hausa aka rubuta shi, kuma washegari zai miƙa. Na buɗe fayil ɗin, sai layin farko na gabatarwa ya fito haka: "A }asar Hausa, ]aliban ilimi sun kasu ~angare biyu." Na gangara ƙasa, kowane shafi haka yake.

Ya dafa tebur da hannu biyu ya ce, "Malam, mi yas samu aikina? Wallahi jiya lahiya lau nib bar shi."

Na ce, "Zauna ka sha ruwa, ƙanena. Ko harafi ɗaya bai ɓace ba."

Gaskiya na faɗa masa. Kwamfutar da aka buga aikin a kanta tana da wani tsohon zubin haruffa, wato abin da Word ke kira Font a samansa, wanda aka zana shi ta yadda duk ka danna alamar } sai ya nuna maka ƙ, ka danna ] ya nuna ɗ, ka danna ~ ya nuna ɓ. Ido yana ganin ƙ, amma abin da ke ajiye cikin fayil ɗin } ne, riga kawai aka sa masa. Da aikin ya zo kwamfutar da ba ta da wannan zubin, sai rigar ta faɗi. Akwai wani zubin kuma da ya ari q da x da v, tunda Hausa ba ta amfani da su, shi ya sa kake cin karo da "qasa" da "xaya" da "vangare" a rubuce-rubucen da ake sawa a intanet.

Ban raina waɗannan zubin ba. A lokacin da kwamfuta ba ta san da zaman ƙugiyoyinmu ba, su suka fitar da marubuta da 'yan jarida da malaman jami'a kunya, kuma mutane irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da suka zauna suka zana wa Hausa haruffanta sun yi aikin da ya cancanci godiya. Sai dai yanzu akwai tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa, har da namu. Harafin da aka buga da lambarsa ta gaskiya ba ruwansa da wace kwamfuta ko wace waya ya faɗa. To wannan shi nake son kowa ya koya.

Wani zai ce ai ko ba ƙugiya ana ganewa. Ana ganewa wani lokaci. Amma na taɓa riƙe katin ɗaurin aure da aka buga ɗari biyar a wani wuri, an rubuta "manyan baki" a inda ake nufin manyan baƙi, uban amarya ya ƙi yarda a raba shi, kuma yana da gaskiya. A garin da ake zuwa fada gaisuwa, bai kamata a kasa bambanta fada da faɗa a takarda ba. Haka kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, bari da ɓari, bata da ɓata.

Fara da gwada abin da ke hannunka

Kafin komai, ka san wane irin harafi ne a cikin fayil ɗinka. Gwajin da na fi yarda da shi WhatsApp ne, domin shi ba ya ɗaukar zubin haruffa daga Word, tsurar harafin yake karɓa. Ja linzami a kan layi ɗaya mai ƙ da ɗ da ɓ har ya yi duhu, danna Ctrl da C, ka je akwatin rubuta saƙo a WhatsApp na kwamfuta ka danna Ctrl da V. Ba sai ka tura ba. Idan ƙugiyoyin sun fito yadda suke, haruffanka na gaskiya ne, sai ka tsallake zuwa batun turawa. Idan ka ga } ko q ko x, aikinka na buƙatar gyara. Wanda ba shi da WhatsApp a kwamfuta ya buɗe Notepad, 'yar manhajar rubutu da ke zuwa da Windows, ya liƙa a can, sakamakon ɗaya ne.

Sa wa Windows kibod ɗin Hausa

Mutane da yawa ba su san cewa Windows yana zuwa da kibod ɗin Hausa a cikinsa ba. Ni kaina na yi shekaru ina kwafo ƙ daga wani tsohon fayil ina liƙawa ɗaya bayan ɗaya kafin na gano haka, kuma ranar da na gano na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Danna maɓallin Windows tare da I, Settings zai buɗe. Shiga Time & Language. A Windows 10 za ka ga Language, a Windows 11 kuma Language & region. Danna Add a language, ka rubuta Hausa a akwatin nema, ka zaɓe ta, ka danna Next. A nan ka ɗan tsaya. Idan ya nuna maka akwatunan sauke ƙarin kayan harshe ko na mayar da fuskar kwamfutar gaba ɗaya zuwa Hausa, cire alamar da ke cikinsu, in dai kibod kawai kake so. Datarka za ta huta. Sai ka danna Install.

Yanzu dubi ƙasan fuskar kwamfutar ta hannun dama, kusa da agogo, za ka ga ENG. Riƙe maɓallin Windows ka taɓa dogon maɓallin tazara, zai sauya zuwa Hausa. Sauran haruffa suna nan inda ka san su. Ƙugiyoyin suna ƙarƙashin maɓallin Alt na hannun dama, wanda a wasu kwamfutoci aka rubuta AltGr a kansa: riƙe shi ka taɓa k ka sami ƙ, ka taɓa d ka sami ɗ, ka taɓa b ka sami ɓ. Babban baƙi kuwa sai ka haɗa da Shift. Alt na hagu ba zai yi ba, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo ke cewa abin bai yi aiki ba. Idan kana son ganin wurin kowane harafi da idonka, danna maɓallin Windows da R, ka rubuta osk, ka danna Enter. Hoton kibod zai fito a fuskar kwamfutar, da ka taɓa AltGr a jikinsa za ka ga inda ƙugiyoyin suke zaune.

Alherin wannan hanya shi ne tana aiki ko'ina: a Word, a Excel, a burauza, a Facebook, a WhatsApp. Kwana biyu zuwa uku yatsa ke yi ya saba.

Akwai tuntuɓe ɗaya. Windows yana ɗaukar Alt na dama kamar an danna Ctrl da Alt tare, shi kuwa Word ya riga ya ba wasu irin waɗannan haɗe-haɗen aiki. Ctrl da Alt da D, alal misali, shi ke sa bayanin ƙarshen takarda. Idan ka nemi ɗ a Word sai ka ga ya jefa ka ƙarshen aikin da wata 'yar lamba, kada ka firgita. Danna Ctrl da Z ka dawo, sannan ka bi hanya ta biyu a cikin Word, ka bar ta farko don sauran manhajoji.

Hanya ta biyu: koya wa Word da kanka

Wannan ita nake sa wa kowace kwamfuta da ta shigo shagonmu. Buɗe Word, shiga Insert, danna Symbol a can ƙarshen dama, sannan More Symbols. Akwati zai buɗe cike da haruffa. Kada ka tsaya laluben su da ido, domin ba wuri ɗaya suke ba: ƙ da Ƙ da Ɗ da Ɓ suna rukunin da ake kira Latin Extended-B, amma ɗ da ɓ ƙanana suna can wani rukunin daban mai suna IPA Extensions. Na ga waɗanda suka sami huɗu suka nemi biyun nan har suka haƙura. A ƙasan akwatin akwai wurin da aka rubuta Character code. Lambar harafin za ka sa a nan, shi zai kai ka.

Ga lambobin, ka rubuta su a takarda ka manna a gefen kwamfutarka: ƙ ita ce 0199, Ƙ kuma 0198. ɗ ita ce 0257, Ɗ kuma 018A. ɓ ita ce 0253, Ɓ kuma 0181.

Sa 0199, ƙ za ta yi duhu. Danna Shortcut Key. A akwatin da aka rubuta Press new shortcut key, riƙe Alt ka taɓa K, sannan ka danna Assign, ka rufe. Maimaita da ɗ a kan Alt da D, da ɓ a kan Alt da B. Manyan kuma ka ba su Alt da Shift da harafin. Idan Word ya ce wannan haɗin yana da wani aiki, ka ci gaba abinka, ba aikin da za ka yi kewarsa ba ne. Ka dai tabbata wurin da aka rubuta Save changes in yana nuna Normal, don saitin ya zauna a duk sabon fayil da za ka buɗe. A wannan kwamfutar kaɗai zai zauna, kuma a Word kaɗai.

In kuwa kwamfutar aro ce, ba ka son taɓa saitin mai ita, akwai gajeriyar dabara: rubuta lambar a cikin rubutunka, ka riƙe Alt ka taɓa X, lambar za ta rikiɗe ta zama harafi. Amma a nan gizo ke saƙa. Lambobin Unicode suna amfani da a, b, c, d, e da f a matsayin alƙaluma, Hausa kuwa cike take da su. Idan kana son rubuta baƙi, ka buga ba0199 ka danna Alt da X, Word zai haɗa "ba" ɗin cikin lambar, ƙ ba za ta fito ba. Maganin shi ne ka sa U+ a gaban lambar, wato baU+0199, sannan Alt da X. Na ɓata yammaci guda cur kafin na fahimci dalilin da ya sa dabarar ke yi a "ƙasa" ta ƙi yi a "baƙi".

Batun 'y da jan layi

A Najeriya muna rubuta 'ya'ya da 'yan kasuwa da waƙafin sama kafin y. 'Yan'uwanmu na Nijar, daga Ƙwanni nan bayan Illela har Yamai, suna da harafi guda mai ƙugiya, ƴ, lambarsa 01B4, babbansa Ƴ kuma 01B3. In aikinka na wata makaranta ce ta can, ko mai aikin daga can ya zo, tambaye shi wanda yake so tun kafin ka fara. Kada ka gauraya biyun a takarda ɗaya.

Waƙafin saman nan yana da tasa rigimar. Da ka buga shi a farkon kalma, Word yana zaton zance za ka buɗe, sai ya juya shi ya fuskanci wancan gefen. A takardar da aka buga abin yana fitowa fili. Shiga File, Options, Proofing, AutoCorrect Options, ka buɗe shafin AutoFormat As You Type, ka cire alamar da ke kan Straight quotes with smart quotes. Tunda kana wurin, koma shafin AutoCorrect ka duba jerin kalmomin da yake gyarawa da kansa. A ciki akwai wanda ke mayar da ƙaramin i babba duk inda ya tsaya shi kaɗai, saboda haka Turanci ke so. Zaɓe shi ka danna Delete.

Jan layin da ke bin ƙarƙashin kowace kalma kuwa, Word ne ke auna Hausarka da ƙamus na Turanci. Ba ya fita a firinta, amma yana gajiyar da ido, kuma yana ɓoye kuskuren gaske. Danna Ctrl da A, shiga Review, Language, Set Proofing Language, ka sa alama a Do not check spelling or grammar. Shafin zai washe.

Sai zaɓen zubi. Times New Roman da Arial da Tahoma na Windows ɗin yanzu duk suna ɗauke da ƙugiyoyinmu. Zubin ado irin na katin biki su ne matsala: da yawansu ba su da ƙ, sai Word ya aro ta daga wani zubin, ka ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar sunan amarya, ko ya zama ɗan akwati fanko. Gwada kalmar "ƙoƙari" da "ɗaɗɗaya" da "ɓaɓɓake" a zubin kafin ka amince da shi. Mai son zubi mai kyau na kyauta ya nemi Charis SIL ko Andika, an yi su ne musamman don harsuna irin namu.

Gyaran tsohon fayil

Mu koma ga ɗalibin nan. Abu na farko da na yi shi ne na kwafi fayil ɗin na ba kwafin wani suna, na bar na asali ban taɓa ba. Kada ka tsallake wannan.

A cikin kwafin na danna Ctrl da H. Akwati mai layi biyu ya fito. A na sama na sa }, a na ƙasa na sa ƙ, na danna More na tabbatar ba alama a kan Use wildcards, sannan Replace All. Haka na bi sauran: ] ta koma ɗ, ~ ta koma ɓ, sannan na duba abin da ke tsaye a madadin manyan na bi su su ma. Kada ka ɗauka tsarin kowane tsohon zubi ɗaya ne. Nemo kalmar da ka sani, irin Ɗanfodiyo ko Ƙaura, ka ga wace alama ce ta zauna a gurbin harafin, ita za ka musanya. Da na gama na danna Ctrl da A na mayar da komai Times New Roman.

Fayil mai q da x da v ya fi wannan haɗari, kuma ina roƙon masu shaguna su kula. Dole ka sa alama a Match case, don ƙanana su tafi ga ƙanana, manya ga manya. Sannan kada ka danna Replace All a kan kundin gaba ɗaya. Manazarta cike take da sunayen littattafan Turanci, kuma na sha ganin kundin da aka ɗaure da bango mai kyau an rubuta "Uniɓersity" da "Oɗford" a shafukansa na ƙarshe. Ja linzami a kan babin Hausa kaɗai, ka yi musanyar, in Word ya tambaye ka ko ya ci gaba da sauran takardar ka ce a'a. Inda Turanci ya ratsa cikin babi, bi da Find Next da Replace ɗaya ɗaya. Akwai gajiya, amma sunan mutum ne a bangon.

Aikin ɗalibin ya ɗauke mu kamar minti ashirin. Da ya ga shafin farko ya dawo daidai sai ya ce, "Allah shi yi ma albarka, Malam," ya zauna a benci ya yi shiru na ɗan lokaci.

Kafin aikin ya bar hannunka

Shiga Layout, Size, ka duba girman takarda. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da Letter, girman da ake amfani da shi a Amurka, alhali takardar da ke kasuwarmu A4 ce, milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo. Wannan ɗan bambancin shi ke sa kan babi ya gangaro tsakiyar shafi, lambobin da ke ƙunshiya su daina dacewa. Mayar da shi A4 tun kafin ka tsara shafuka.

Saboda ɗaukewar wuta, shiga File, Options, Save. Word yana ajiye kwafin ceto duk minti 10. Mayar da shi minti 2. In wuta ta tafi da aikin da ba ka ba shi suna ba, buɗe Word, File, Info, Manage Document, Recover Unsaved Documents, sau da yawa yana nan. Duk da haka ka saba wa yatsunka Ctrl da S a ƙarshen kowane sakin layi. Kuma a watannin zafi kada ka ɗora laftof a kan katifa ko darduma, iska ba ta shiga ta ƙasa, sai ta mutu da kanta.

Idan aikin ya kammala, bugawa kawai ya rage, mayar da shi PDF. Danna F12, a wurin Save as type ka zaɓi PDF. Shi PDF yana tafiya da zubinsa da tsarin shafinsa, abin da ka gani shi mai firinta zai gani. Wannan ya fi muhimmanci ga aikin da ke da ayoyi da hadisai, domin zubin Larabci irin su Traditional Arabic ba kowace kwamfuta ke da su ba, kuma wasali ya gusa daga kan harafinsa a cikin aya ba ƙaramin abu ba ne. Buɗe PDF ɗin ka karanta shafi biyu ko uku kafin ka tura. In kuwa malaminka zai yi gyara a ciki, to fayil ɗin Word za ka tura masa, amma ka koma File, Options, Save ka sa alama a Embed fonts in the file.

Ba fayil suna mai ma'ana: babi na biyu, gyaran 12 ga Maris. Na ga ɗalibar da ta buga tsohon kwafi har guda huɗu ta ɗaure, saboda fayil biyar ne a wayarta duk suna ɗaya.

Turawa

Ni yanzu na fi son a turo mini aiki ta WhatsApp a kan a kawo filash, saboda ƙwayar cutar nan da ke yawo daga shago zuwa shago tana ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi marasa amfani a gurbinsu.

Don haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfuta, buɗe burauza ka rubuta web.whatsapp.com. Wani zane mai murabba'i zai fito. A wayar Android taɓa ɗigo ukun nan na sama, a iPhone kuma shiga Settings, ka zaɓi Linked devices, sannan Link a device, ka haska zanen da kyamara. In kyamarar ta fashe ko ƙurar hunturu ta dusashe ta, akwai zaɓin haɗawa da lambar waya a shafin, zai ba ka haruffa takwas ka shigar a wayar. Na'ura huɗu za ka iya haɗawa, kuma suna aiki ko wayar ba ta kan intanet, sai dai in ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a kanta ba, za su fita da kansu.

Idan hotsfot ɗin wayarka kake ba kwamfutar, kafin komai shiga Settings, Network & Internet, Wi-Fi, ka buɗe bayanan hotsfot ɗin ka kunna Metered connection. Wannan yana gaya wa Windows cewa datar a ƙirge take, sai ya dakatar da yawancin manyan sabuntawar da yake saukewa a ɓoye.

Ga wurin da aka fi yin ɓarna. Wajen turawa, taɓa alamar haɗa fayil, ka zaɓi Document, ko da abin da za ka tura hoto ne. Hoton da aka tura ta hanyar hotuna ana matse shi don ya yi sauƙi, a waya ba ka gani, amma a takarda sai ƙananan rubutu su dagule, ƙugiyar ɗ ta narke ta koma d. Hoton fasfo, takardar sakamako, katin biki, tambarin makaranta, duk ta Document za su bi. Ta nan WhatsApp yana ɗaukar fayil har gigabayit 2 kuma ba ya taɓa ingancinsa. Kada kuma ka ɗauki hoton fuskar waya na wasiƙa ka ce a buga maka shi.

Idan an turo maka fayil ɗin Word a waya don ka kai shago, tura shi gaba yadda ya zo. Da ka buɗe shi a manhajar waya ka sake ajiyewa, tana iya musanya zubin da ba ta da shi, tebura su karkace.

Abin da ya fi yi mini amfani cikin 'yan shekarun nan shi ne tura wa kai saƙo. Taɓa alamar sabuwar hira, za ka ga sunanka a saman jerin. Nan nake jefa fayil daga waya in ɗauka a kwamfuta, nan kuma na ajiye layi guda mai ɗauke da ƙ Ƙ ɗ Ɗ ɓ Ɓ ƴ Ƴ, don duk kwamfutar da na zauna a kai in sami abin kwafa. Masu Telegram suna da irinsa mai suna Saved Messages. A waya kuwa, shiga saitin Gboard, wato kibod ɗin waya na Google, sannan Languages, ka ƙara Hausa, daga nan in ka danna k ka riƙe, ƙ za ta fito. A kwamfuta, in kana son sabon layi cikin saƙo ba tare da ya tafi ba, Shift da Enter za ka danna. In kuma ya riga ya tafi da kuskure, kana da minti 15 na gyara shi.

Saƙon tes na layin waya daban yake. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da ƙugiya ɗaya ta shiga sai ya koma 70, domin tsarin ya sauya. Mai tura gayyatar ɗaurin aure ga mutum ɗari uku ya san da wannan, kuɗin zai iya ninkawa.

Kafin ka tashi daga kujerar shago

Wannan ina faɗa wa kowa, musamman 'yan mata da iyayenmu da ke zuwa buga takardu. In ka haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfutar shago, rufe burauza bai fitar da kai ba. Wanda ya zauna bayanka yana iya buɗewa ya ga hirarka da iyalinka. Tun wajen haɗawa, cire alamar da ke cewa a bar ka a ciki a wannan burauzar. Da ka gama, danna ɗigo ukun da ke saman jerin hirarraki ka zaɓi Log out. In ka manta har ka hau kabu-kabu, ciro wayarka, shiga Linked devices, taɓa sunan kwamfutar, ka danna Log out daga nan.

Saura fayilolin da aka sauke. Goge saƙo a WhatsApp ba ya goge abin da ya riga ya sauka cikin kwamfuta. Wata Hajiya ta taɓa kawo takardun filinta da katin shaidarta a buga mata, da aka gama ta miƙe za ta tafi, na ce, "Hajiya, ɗan dakata ki gani da idonki." Na buɗe Downloads, na zaɓi takardun nata guda uku, na riƙe Shift na danna Delete, don kada su tsaya a kwandon shara. Na juya mata fuskar kwamfutar ta duba, sannan ta ɗauki jakarta. Kai ma ka nemi a yi maka haka a duk shagon da ka je, kana tsaye, kafin ka karɓi canjinka.